Yadda zaka gano wa ke biyan kuɗin kamfe ɗin ɗan takararku, da kuma nawa ne ke fita daga aljihunka

Duk sanda aka tado maganar wai gwamnati ta riƙa ba jam'iyyu kuɗin kamfe daga baitulmali sai kaga mutane sun yi caa, a kan me, kuɗin talaka za'a ɗauka a ba 'yan siyasa su buga fosta? Kuma gaskiya ban ga laifin mai faɗin haka ba, mutumin da asibitin garinsu ko safar hannu sai ya sayo da kansa ai dole ransa ya ɓaci. Abin da dai yawancinmu bamu lura dashi ba shine a Najeriya tun dokar zaɓe ta 2010 aka daina raba wa jam'iyyu tallafi, a takarda kowa da kuɗinsa da na magoya bayansa yake takara, amma duk da haka kuɗinka yana shiga kamfe, ɓarauniyar hanya kawai yake bi, babu rasit babu mai tambaya. Toh kafin ka ce kana goyon bayan gwamnati ta biya ko kana adawa, gara ka koyi bin sawun kuɗin da kanka, ba sai kana akanta ba, waya da biro da ɗan littafi sun isa.

Fara da raba kuɗin gida uku

Mutane suna cakuɗa abubuwa uku wuri ɗaya, shi yasa gardamar bata ƙarewa a majalisar shayi. Akwai kuɗin shirya zaɓen kansa, wato abinda INEC ke kashewa wajen buga ƙuri'u, sayen na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe, hayar motoci, biyan 'yan bautar ƙasa da ke zama a akwati. Akwai kuɗin ɗan takara da jam'iyyarsa. Sai na uku, kuɗin gwamnati da aka ware da sunan wani aiki daban amma ya ƙare a hidimar zaɓe.

Na farkon naka ne ɗari bisa ɗari kuma ba a ɓoye yake ba. Kasafin da aka amince wa INEC na zaɓen 2023 naira biliyan 305 ne, na 2019 kuma wajen biliyan 189. Ɗauki kalkuletar wayarka ka raba 305,000,000,000 da mutum miliyan 93.4 da suka yi rajista, zaka samu sama da naira 3,200 kaɗan a kan kowane mai rajista. Amma waɗanda suka fito ranar zaɓen shugaban ƙasa basu kai miliyan 25 ba, kashi 27 cikin ɗari kenan, in ka raba da su lissafin ya haura 12,000 kan kowane mutum, ko da yake ka tuna kuɗin ya haɗa har da zaɓen gwamnoni da majalisun jihohi. Wannan kam ko kana so ko baka so an riga an cira, kuma kar ka ce ai ni ba ma'aikaci bane bana biyan haraji, duk katin waya da ka saka da kayan kanti da ka saya akwai harajin VAT na kashi 7.5 a ciki, kuɗin mai da ake rabawa a Abuja duk wata kuma kai ma kana da haƙƙi a cikinsa.

Riƙe lambobin doka a ka

Ba zaka iya cewa wane ya wuce gona da iri ba sai ka san inda iyakar gonar take. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, sashe na 88 ya ƙayyade abinda ɗan takara zai kashe: shugaban ƙasa biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha da ciyaman miliyan 30 kowanne, kansila miliyan 5. A wannan dokar kuma mutum ɗaya bai halatta ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50 ba. A dokar 2010 iyakar shugaban ƙasa biliyan 1 ce, gudunmawar mutum ɗaya miliyan 1. Majalisa tana sake taɓa dokar nan kusan duk zagayen zaɓe, kuma kullum sama lambobin suke yi, don haka kafin ka kafa hujja a kan wani ka sauke wadda ke aiki a lokacin daga shafin INEC ka duba.

Hukuncin ne abin dariya. A dokar 2022, ɗan takarar da ya wuce iyaka, tarar kashi 1 cikin ɗari na iyakar ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba ko duka biyun. Wato mai neman shugaban ƙasa ya kashe ko nawa ne tararsa miliyan 50, rabin kuɗin fom ɗin APC na 2022 kenan. Ka tambayi kanka ko ka taɓa jin an kai wani babban ɗan takara gidan yari saboda wannan.

Sauran abubuwa biyu da ya kamata ka sani. Kamfani bashi da izinin ba jam'iyya gudunmawa, dokar kamfanoni ta 2020 sashe na 43 ta hana, don haka in kaji a wajen taron tara kuɗi an ce kamfani kaza ya bada miliyan kaza, ka rubuta sunan. Sannan kundin tsarin mulki sashe na 225 ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje, dole ta miƙa wa INEC cikin kwana 21.

Yanzu sai ka fita ka ƙirga da idonka

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ya fi daɗi. Ba zaka iya lissafa kamfe ɗin ƙasa gaba ɗaya ba, amma zaka iya lissafa na mazaɓarku. Ranar da aka ce ɗan takara zai zo gangami, je ka tsaya gefe, kar ka shiga tsakiya inda 'yan jagaliya ke ture-ture, ka fara ƙirga bas-bas ɗin da suka kwaso mutane daga ƙauyuka, ka ƙirga rumfuna da kujeru, ka duba ko akwai janareta da manyan sifiku, mawaƙi nawa aka ɗauko, riga da hula iri nawa aka raba, mata nawa ne suka zo da ankon atamfa mai hoton ɗan takara. Washegari ka bi ta tasha ka tambayi direba nawa aka bashi shata da kuɗin mai, ka tambayi mai hayar rumfa farashin kwana ɗaya, ka leƙa wajen masu buga fosta ka ji nawa ne dubu ɗaya, ka tambayi yaran da aka kwaso nawa aka sallami kowa. Ba sai ka nuna bincike kake ba, hira ce kawai, kuma mutanenmu in dai maganar "kayan aiki" ce basa ɓoyewa, wanda aka bashi kaɗan ma shi zai fara baka labari saboda haushi. Ka haɗa jimla, sannan ka tuna wannan gangami ɗaya ne a ƙaramar hukuma ɗaya, mai neman gwamnan Kano ƙananan hukumomi 44 ne a gabansa da mazaɓu 484.

Sai ka ƙara da abinda ba a gani a filin taro. Kuɗin fom: a 2022 APC ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 100, gwamna miliyan 50, sanata miliyan 20, wakilai miliyan 10, majalisar jiha miliyan 2, PDP kuma na shugaban ƙasa miliyan 40. Daliget a zaɓen fidda gwani, wanda kowa ya ga yadda aka riƙa maganar daloli a Abuja a tsakiyar 2022. Sojojin baka da ake saya wa fili a rediyo kullum da dare, wannan kana iya kiran sashen talla na gidan rediyon ka tambayi kuɗin minti goma sha biyar kamar kai ma kana son saye. 'Yan soshiyal midiya da ake sa wa data da ɗan alawus. Tallan Facebook da Instagram kuwa Meta tana da rumbun tallace-tallace da ake kira Ad Library, kowa na iya shiga kyauta ya rubuta sunan ɗan takara ya ga tallan siyasar da aka saka da ƙiyasin abinda aka biya. Ga lauyoyi bayan zaɓe, don shari'ar gwamna sai ta je har Kotun Ƙoli.

Ejan-ejan na ranar zaɓe su kaɗai sun isa su nuna maka yadda iyakar dokar take wasan yara. Akwatuna 176,846 ne a ƙasar nan. A ce misali jam'iyya ta ajiye mutum ɗaya tak a kowane akwati ta bashi naira 10,000 na abinci da kuɗin mota, ka buga a waya, biliyan 1 da miliyan 768 kenan, sama da kashi ɗaya cikin uku na biliyan 5 ya tafi a yini ɗaya, ba a buga fosta ko ɗaya ba, ba a hau jirgi ba. A Kano kawai akwatuna 11,222 ne, da wannan lissafin miliyan 112. Kuma wa ke ajiye ejan ɗaya? Akwai na akwati, akwai na mazaɓa, akwai na wajen tattara sakamako, akwai waɗanda ke tsaye bayan layi da jaka waɗanda su ba a rubuta sunansu ko ina ba. Sayen ƙuri'a laifi ne mai zaman kansa a doka, amma in kana lissafin gaskiya dole ka sa taliya da sabulu da atamfa da 'yar dubu-dubun da ake rabawa, tunda kuɗi ne ya fita.

Toh daga ina?

In ka samu jimlarka, ko da ƙiyasi ne, sai ka ajiye ta gefe ɗaya ka ajiye halastaccen samun kujerar a ɗaya gefen. A lokacin da ake sayar da fom miliyan 100, albashin shugaban ƙasa da alawus ɗinsa a takardar hukumar RMAFC mai tsara albashin masu muƙamai wajen miliyan 14 ne a shekara, shekara huɗu bai kai miliyan 60 ba, ko fom bai mayar ba. Buhari da bakinsa ya ce a 2014 bashin banki ya ci ya sayi fom na miliyan 27.5. Na 'yan majalisa ya ɗan bambanta, Shehu Sani ya fallasa a 2018 cewa sanata na karɓar miliyan 13.5 duk wata na tafiyar da ofis, a 2024 Sanata Kawu Sumaila ya faɗa wa BBC Hausa cewa abin ya kai miliyan 21. Kaga wannan ma kuɗin gwamnati ne, kuma duk wanda ya taɓa zama ƙofar gidan ɗan majalisa ranar Asabar da safe ya san ina wani kaso nasa ke tafiya, wannan kuɗin magani, wancan haihuwa, wancan ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓa ne babur ɗinsa ya lalace. Kamfe ne ake yi tun ranar rantsuwa.

Giɓin da ke tsakanin abinda aka kashe da abinda kujera ke biya, wani ne ya cike shi. Aikinka shine ka gano waye. Ka lura da wanda ake yi wa godiya ta musamman a kan mumbari, wanda ya bada gidan da aka mayar ofishin kamfe, wanda motocinsa ne a jerin gwano, wanda jirginsa ake hawa, ƙungiyoyin da ke fitowa dare ɗaya su ce wai su suka haɗa kuɗi suka saya wa maigida fom, ka tambaya su waye shugabanninsu kuma me suke sana'a. Rubuta sunayen ka ajiye. Bayan an ci zaɓe da shekara ɗaya ka ɗauko littafin ka gwada da jerin kwamishinoni da masu bada shawara da shugabannin hukumomi, da kamfanonin da suka samu kwangilar titi da taki da abincin makarantun kwana. Shafin hukumar rajistar kamfanoni CAC yana taimakawa wajen ganin masu kamfani. Ba ko yaushe zaka ga sunan kai tsaye ba, wani lokaci ƙani ne ko suruki, amma kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, kuma askin da kuɗin jiha ake yinsa, titin da za a yi a biliyan biyu sai a rubuta uku. A nan ne gudunmawar da ake kira ta ɗan kasuwa take juyewa ta zama bashi a wuyan mai biyan haraji, har da riba.

In kana son misali babba wanda ba jita-jita ba, a Disamban 2014 an yi liyafar tara wa PDP da Jonathan kuɗi a Abuja aka sanar da sama da biliyan 21 a dare ɗaya, a lokacin da doka ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kar ya wuce biliyan 1, kuma a cikin masu alƙawarin har da gwamnonin jam'iyyar da 'yan kasuwar ɓangaren mai da lantarki. Bayan zaɓe kuma sai ga zargin dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai a ofishin Sambo Dasuki mai ba Jonathan shawara kan tsaro, kuɗin da EFCC ta ce wani ɓangare ya tafi hidimar zaɓen 2015, shari'ar da ta yi shekaru tana jan ƙafa. Kar wani ya ɗauka abin na jam'iyya ɗaya ne, da APC ta hau an yi ta ce-ce-ku-ce kan TraderMoni, naira dubu goma-goma da aka riƙa rabawa a kasuwanni watanni kaɗan kafin zaɓen 2019, gwamnati ta ce bashi ne na tallafi, 'yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne da kuɗin ƙasa.

Bin sawun kuɗin gwamnati

Wannan ya fi wahala amma ba gagara ba ne. Sashe na 95 na dokar 2022 ya hana amfani da kayan gwamnati, har da kafafen yaɗa labaranta, don fifita wani ɗan takara. Toh ka zuba ido, motocin da ke jerin gwano lambar gwamnati ce ko an cire lambar? Gidan rediyon jiha yana sa tallan 'yan adawa kuwa? Filin wasa na jiha an ba ɗaya ɓangaren ko an ce ana gyara? Wannan da ido da kunne kawai ake gani, ka ɗauki hoto ka rubuta kwanan wata.

Sai takardu. Yawancin jihohi yanzu suna saka kasafin kuɗinsu da rahoton abinda aka kashe duk wata uku a shafinsu na intanet. Sauke na shekarar da ta gabaci zaɓe da na wadda ta gabace ta, ka je kai tsaye layin gidan gwamnati, ofishin sakataren gwamnati, kuɗin tsaro, "ayyuka na musamman", tallafi da koyar da sana'a, sayen motoci, sayen hatsi. Abinda kake nema shine layin da ya kumbura ba dalili ana saura wata shida ko tara zaɓe. Kuɗin tsaro na gwamnoni shine babban rami, don ba a bin kadinsa kamar sauran kuɗi, ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa abinda ake kashewa da wannan suna a faɗin ƙasar ya kai dala miliyan 670 a shekara. Kason ƙananan hukumomi ma ka duba, alƙaluman rabon FAAC, wato rabon kuɗin asusun tarayya, ana wallafa su duk wata, ka ga nawa aka ce an turo wa ƙaramar hukumarku, ka je sakatariya ka ga ko akwai alamar kuɗin, Kotun Ƙoli dai ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa biyansu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa ba. Na tarayya kuma akwai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, wanda aka saba ware wa biliyan 100 a shekara, ƙungiyar BudgIT tana da shafin Tracka inda ake ganin abinda aka rubuta wa kowace mazaɓa, ICPC ma tana bibiya. Kekunan ɗinki da babura da injin markaɗe da ake rabawa da hoton honorabul a jiki, kafin ka yi tafi ka duba ko suna cikin wannan jerin, in suna ciki to da kuɗinka aka sayo, hotonsa kawai ya liƙa.

In takarda bata fito ba ka nema a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa dama, ba sai lauya ba, ba sai ka faɗi dalili ba. Rubuta wasiƙa gajera zuwa ga shugaban ma'aikatar, ka ce a ƙarƙashin wannan doka kana neman kwafin abu kaza, ka ambaci takamaiman abu da shekara, misali jerin waɗanda suka amfana da shirin tallafi kaza da jimlar kuɗin da kamfanin da ya kawo kayan, kar ka ce a baka duk bayanan kuɗin ma'aikata, nan take zasu samu hanyar zillewa. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Kwana 7 doka ta basu. In sun yi shiru ko sun ƙi kana da kwana 30 ka kai kotu, kuma a nan gara ka haɗa kai da wata ƙungiya ko ɗan jarida, kai kaɗai zaka gaji. Ita ma INEC kana iya zuwa ofishinta na jiha, domin sashe na 89 na dokar zaɓe ta 2022 ya wajabta wa jam'iyya miƙa rahoton kuɗin da ta kashe cikin wata 6 bayan zaɓe, ta buga a jaridun ƙasa aƙalla biyu, INEC kuma ta ajiye shi inda jama'a zasu iya dubawa har da sunayen masu gudunmawa. Jam'iyyu da yawa basa miƙawa a kan lokaci, INEC da kanta ta sha kokawa. Ko an ce maka babu, wannan "babu" ɗin ma bayani ne, ka rubuta ranar da wanda ya faɗa maka.

Sai yanzu zaka auna maganar gwamnati ta biya

Mun taɓa gwadawa ai, ba sabon abu bane. A jamhuriya ta biyu hukumar zaɓe ta lokacin, FEDECO, ta raba wa jam'iyyu tallafi. Babangida ya wuce nan, a 1989 ya ƙirƙiro SDP da NRC da kansa, gwamnati ta rubuta musu manufofi ta gina musu ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi, wasu gine-ginen har yau suna nan an mayar dasu wani abu, ƙarshe aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 kuɗin ya bi ruwa. Daga 1999 aka ci gaba da bada tallafi ta hannun INEC, a dokar 2006 kashi 10 ake rabawa daidai tsakanin duk jam'iyyu, kashi 90 gwargwadon kujerun majalisar tarayya. Abinda ya biyo baya shine jam'iyyun jaka, mutum da matarsa da direbansa su yi rajista su jira rabo, babbar jam'iyya kuma ta kwashe kaso mafi tsoka ta ƙara ƙarfi. Shi yasa aka cire a 2010, ko da yake sashe na 228 na tsarin mulki har yanzu ya bar wa majalisa ƙofar dawo dashi. Cirewar ma bata rage yawan jam'iyyu ba, a 2019 sun kai 91, 'yan takarar shugaban ƙasa 73, sai a 2020 INEC ta soke 74. A Nijar dokar jam'iyyu ta tanadi a ware musu wani kaso daga harajin ƙasa, kafin sojoji su dakatar dasu bayan juyin mulkin Yulin 2023 su kuma rusa su gaba ɗaya a 2025. Kenya kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shiga doka ta ce a zuba a asusun jam'iyyu.

Duk wanda ya zo maka da shawarar a dawo da tallafi, ka yi masa tambayoyi kaɗan. Nawa ne a kan kowane mutum? Yi lissafin da kanka, a ce misali za a ba jam'iyya naira 500 kan kowace ƙuri'a da ta samu a zaɓen shugaban ƙasa, ƙuri'u miliyan 24 sun zama biliyan 12, kwatanta da biliyan 305 na INEC ko da biliyan 21 na dare ɗaya. Kafin zaɓe za a bayar ko bayan zaɓe? Faransa bayan zaɓe take mayarwa, sai ka samu kashi 5 na ƙuri'u sannan a biya ka har zuwa kashi 47.5 na iyakar kashewa, kuma sai hukuma ta tantance rasit ɗinka, kamfanoni kuma an hana su bada ko sisi tun 1995. Can har tsohon shugaban ƙasa Sarkozy kotu ta samu da laifi a 2021 kan wuce iyaka a kamfe ɗin 2012. Tambaya ta gaba, wanda ya karɓi na gwamnati an hana shi karɓar na uban gida ko haɗawa zai yi? Amurka ta isa darasi, a takardar haraji akwai wajen da mai biya ke sa alama a ware dala 3 daga harajinsa zuwa asusun kamfe ɗin shugaban ƙasa, amma wanda ya karɓa dole ya tsaya a iyaka, a 2008 McCain ya karɓi dala miliyan 84 Obama ya ce baya so ya tara ninkin-ba-ninkin daga magoya baya, tun daga nan babu ɗan takarar manyan jam'iyyun biyu da ya sake karɓa a babban zaɓe.

Ni dai a nawa ganin, zuba wa shugabannin jam'iyya kuɗi dunƙule irin na da ɓarna ce, ƙari ne kawai a kan wanda suke ɗiba ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya fi kama hankalina shine irin na birnin New York, inda in talaka ya bada ƙaramar gudunmawa hukuma ke ƙara dala 8 kan kowace dala 1, kaga ɗan takara dole ya bi mutane gida-gida maimakon ya kwana a falon attajiri ɗaya. Kuma mu ba baƙin wannan bane, NEPU ta Malam Aminu Kano da karo-karon teloli da mahauta da 'yan koli ta rayu, PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979 ba don ta fi NPN kuɗi ba. Amma ko wannan ba zai yi aiki ba in babu hukumar da zata iya kama mai ƙarya a lissafi, don in aka kawo shi yau gobe zaka ga mutum ɗaya ya raba kuɗinsa ga mutum dubu su dawo dashi da sunan gudunmawa.

In kai ne zaka bada gudunmawa

Bada ta banki, daga asusunka na kanka ba na kamfaninka ba, zuwa asusun kamfe da aka sanar a hukumance, ka rubuta dalilin turawar a wajen bayani ka ajiye alat ɗin. Kar ka yarda wani ya baka kuɗi ya ce ka tura da sunanka, don wannan taimaka wa ɗan takara ne ya zille wa doka. In kana Saudiyya ko Ghana ko Turai ka tuna da sashe na 225 kafin ka tura wa jam'iyya kai tsaye, ka tambayi lauya hanyar da ta halatta. In kuma ƙungiyarku ce ta unguwa ko ta 'yan kasuwa zata haɗa karo-karo, ku buɗe littafi kowa ya sa hannu a gaban abinda ya bayar, ku nemi ɗan takarar ya zo zaure ya faɗa muku su waye manyan masu ɗaukar nauyinsa kafin ku miƙa, in ya fara kame-kame ku mayar wa kowa kuɗinsa.